Kailu Mai Shiƙar Saƙonni

Kullum da safe, kafin motocin Yamai su gama lodi, Kailu ya buɗe shagonsa na intanet a Filingué, ya kunna kwamfuta, ya shiga shiƙa. Haka yake kiran aikin. Tun wancan zamanin na soja yake raba wa garin nan layi, kuma saƙonnin 'yan damfara da masu tallan maganin ƙarya, shi ke tare su kafin su faɗa akwatunan mutane.

Ba wanda ya sa shi. Kamfanin da ke sayar masa da layi ya ce kai saƙo ne nasu, abin da ke ciki ba ruwansu. Maganar nan ta daɗe tana cina. Ka haƙa wa jama'a rijiya, a zuba mata shara kana kallo?

Sai dai mai tsaron ƙofa yakan tare ɗan gida. Inna Muna ta garin Damana, tun shuka har girbi, duk ranar kasuwa sai ta zo tambayar ɗanta Sahabi da ke Libiya. Dangi har sun fara zancen yi masa sadaka.

"Babu, Inna."

"Ɗan nan, ka duba da kyau, ko ƙarfen naka kwana shikai?"

Kailu ya tona ƙaiƙayin da na'ura ta ware. Saƙonnin Sahabi na can. Ya cika su da doguwar gaisuwa da addu'a yadda muke yi, na'urar ta ɗauke shi ɗan damfara. Inna ta zauna a ƙasa, ta ce a sake karanta mata gaisuwar.

Daga ranar bai ƙara zubar da ƙaiƙayi ba sai ya bi sunayen masu aikowa, don ya san wa ke da wa a waje. Na tambaye shi ko wannan ba leƙen asirin mutane ba ne. Ya ce, "Suna nika dubi, ban buɗa ciki." Har yau ina juya amsar.

Yanzu ido ya gaza, zai ajiye aiki. Kailu, kai ne matankaɗin ƙasarmu ta Kurfey. Mun gode, Allah ya saka. Ku masu manyan layuka, ku tare shara, amma ku riƙa tona ta. Sahabi ya dawo bara, shi ya nome gonar uwarsa.