Ranar da Na Duba Wuƙa a Gaban Baba Maƙeri

Shekarun baya, lokacin da nake ganin duk faɗin Sabo babu wanda ya kai ni sanin wuƙa, na yi wani abu da har yau yake damuna. Kwanan nan wani a cikinku ya turo mini hoton wuƙa yana tambaya ko ta yi, na ƙi ba shi amsa, ya ce na cika jan aji. Ba jan aji ba ne, ga dalilin.

Ni a nan Ibadan aka haife ni, sana'ata kilishi, gadonta na yi. Mai kilishi kuwa rayuwarsa a bakin wuƙa take. Tsoka guda za ka ɗauka ka yi ta buɗewa har ta zama fallen da ake hango rana ta cikinsa, in wuƙar ta yi maka gardama sau ɗaya ta huda, aiki ya ɓaci. Daga buƙata abin ya zame mini ciwo. Na tara wuƙaƙe fiye da waɗanda nake aiki da su, kowace da kubenta, duk Juma'a sai na fito da su na shafe su da man gyaɗa. Mahaifiyata takan ce da ina kula da kaina yadda nake kula da ƙarafan nan da tuni na yi tumbi. Hannuna na hagu kuwa ko gashi ɗaya babu, duk na aske wurin gwada kaifi.

Ba ni kaɗai ke da ciwon ba. Muna da majalisa bayan la'asar a kan benci, gefen masallacin layinmu. Akwai mahauta biyu daga kasuwar Bodija, akwai masu tsire, sai abokina mai sayar da albasa a kasuwar Shasha, wanda ban taɓa ganin ya yanka abin da ya fi albasa tauri ba, amma ya fi kowa gardama a kan ƙarfe. Dukanmu wurin mutum ɗaya muke saye, wani tsohon maƙeri da kowa ke ce wa Baba. Da sifirin ɗin tsohuwar mota yake ƙira, kuma kowace wuƙa in ya gama ta sai ya buga mata ɗigo uku kusa da ƙota. In ka ga ɗigon nan uku ba ka tambayar komai, ɗauka kawai kake yi.

Shi ya yi wa mahaifina wuƙaƙe har Allah ya karɓi ransa, shi ya yi mini ta farko da na fara aiki. In wani ya zo yana musu a kan wuƙa, Baba yakan ce, "Ku kai wa ɗan nan ya duba, idonsa ba ya ƙarya." Wannan magana ta kumbura mini kai ba kaɗan ba.

In ka je maƙerar, a bakin ƙofa za ka same shi zaune da dutsen washi, yana ƙarasa wuƙa. Can ciki wajen wuta akwai abokin aikinsa, wani Bayarabe magidanci da ya fi shekara ashirin tare da shi. Mu dai mai hura wuta muka ɗauke shi. Sai mu jefa masa "eku ishe", wato sannu da aiki da Yarabanci, mu wuce, ko fuskarsa ba ma tsayawa kallo.

Wata rana abokina ya iso majalisa ko sallama bai ƙarasa ba ya ce Baba ya sayar da maƙera. Rumfar, da masaba, da uwar maƙera, har da ƙarfen buga ɗigo ukun, duk ya sayar wa wannan abokin aikin nasa.

Nan take kowa ya ɓarke da surutu. Ɗaya daga cikin mahautan ya ce, "Rumfa ya sayar mun ji, amma ɗigon fa? Ai sunansa ne." Abokina ya ce shi ke nan wuƙa ta mutu a Sabo, sai dai mu koma sayen ta gwangwani a bakin titi. Washegari mutane suka yi rububin kwashe ragowar tsofaffin wuƙaƙen, har wanda ba ya buƙata ya sayi biyu ya ɓoye. Ni kuwa na rantse ƙafata ba za ta sake taka wurin ba. Kuma in zan faɗi gaskiya, har da cewa mutumin ba Bahaushe ba ne a cikin abin da ke cin mu, alhali ya fi wasunmu iya Hausa kuma sahu ɗaya muke bin sallah.

Muka tambayi Baba dalili, ya ce, "Na gaji ne, 'ya'yana." 'Ya'yansa dama babu wanda ya kama ƙira. Da zaman gida ya ishe shi sai ya fara zuwa majalisarmu, ya zauna a ƙarshen benci, hannayensa cikin babbar riga, yana jin mu muna zagin sabon mai maƙera. Bai taɓa sa baki ba. Mu a tunaninmu daɗi yake ji.

Bayan kamar wata biyu, ina rumfata da hantsi ina shanya nama, sai ga sabon mai maƙerar. Ya gaishe ni da ladabi, ya miƙo mini wani abu nannaɗe a takardar siminti. Ya ce, "Daga maƙera, an ce a kawo maka ka duba."

Na ce, "Wa ya ce?"

Ya ce, "Ka dai duba, oga." Ya juya ya tafi.

Na buɗe. Wuƙar kilishi ce, doguwa, da ɗigo ukunta. Nan take na yanke hukunci a raina cewa toshiyar baki ce, yana so in yabe shi a majalisa kasuwa ta dawo masa. Na ɗaga ta na bi bayanta da ido, sai na ji wani daɗi ya kama ni, don a karkace take. Ba da yawa ba, wani ba zai gani ba. Na ce yawwa, yau akwai zance.

Da la'asar na tafi da ita, na haɗa da wadda na fi so a cikin nawa, wadda na saya wurin Baba shekara biyu kafin nan. Majalisa ta cika, Baba na gefe. Na zare sabuwar na ce, "Baba, zo ka ga abin da aka mayar da sunanka."

Na bi ta ɗaya bayan ɗaya, kamar mai fiɗar akuya. Na nuna musu karkatar. Na nuna inda masaba ta sauka ba daidai ba, nan ya yi kauri, can ya yi rami. Na ɗora bakin a farcena na ja, na ce ku ji yadda take tsallake. Na ƙyasta ta da yatsa na ce ko ƙararta ta marar lafiya ce. Mutane na dariya, ni kuma dariyar na ƙara mini ƙaimi. Sai na ce, kuma wallahi ina iya tuna kowace kalma, "Wanda ya ƙera wannan hannunsa ya mutu. A ce masa ya ajiye masaba don Allah, ya daina ɓata ƙarfe." Abokina har da buga ƙafa.

Sannan na zaro tawa na ɗaga. Na ce, "Ga hannun Baba nan. Ku dubi bambanci."

Baba ya ce in miƙo masa su. Ya ɗora duka biyun a cinyarsa, ya daɗe yana kallo. Ya taɓa tawa ya ce, "Wannan kam aiki ne mai kyau." Ya mayar mini. Ɗayar kuma ya naɗe ta a takardarta, ya sa a aljihu, ya ce bari ya leƙa gida. Na ɗauka zai kai wa sabon mai maƙerar ne ya yi masa faɗa. Har na bi shi da cewa, "Baba, kada ka raga masa."

Washegari bai zo majalisa ba, haka ranar da ta biyo. A rana ta uku sabon mai maƙerar ya sake zuwa rumfata, wannan karon babu gaisuwa mai tsawo. Ya ce ya ji abin da aka yi, kuma Baba ya hana shi magana, amma ba zai iya haɗiye ta ba.

Ya ce, "Shekara shida ke nan hannun Baba na rawa. Ba ya iya sauke masaba inda yake so. Duk wuƙar da kuka saya a shekarun nan ni na buga ta, shi yana wasawa ya sa ɗigo. Har wadda ka ɗaga."

Na ce to wannan fa, ta takardar?

Ya ce, "Ita ce kaɗai tasa. Ya zo ya roƙe ni in ba shi wuta, a wurin da yake nasa ne jiya jiya. Kwana tara yana kanta, ya hana ni taɓawa. Da ya gama ya ce in kawo maka, kada in ce shi ne, don in ka sani za ka yaba ko ba ta yi ba. Ya ce in ta wuce a wurinka, to da sauransa, zai riƙa zuwa yana yin ɗaya ɗaya."

Na ce masa me ya sa bai ƙyafta mini ido ba, ko da alama. Ya ce, "Oga, shekara nawa kana zuwa wurinmu, ka taɓa kallon fuskata?"

Ranar ban ƙarasa aiki ba. Bayan azahar na wuce gidan Baba, na same shi a zaure kan tabarma. Na durƙusa, na fara haɗa magana, wai hasken ranar nan ne bai yi kyau ba, wai ban duba da kyau ba, a ba ni in sake gani. Ya bar ni na gama kame-kamena, sannan ya fito da hannayensa daga cikin riga ya ɗora a gwiwa. Karo na farko ke nan da na gan su a fili ba su riƙe da komai. Suna ta karkarwa.

Ya ce, "Ɗana, kada ka ɓata idonka saboda ni. Abin da ka faɗa haka yake. Ni ma na ga karkatar tun tana wuta, na dai ce ko Allah zai sa ta wuce."

Na ce, "Baba, maganar da na yi fa, ka yafe mini."

Ya ce, "Na yafe. Dariyar ce dai ta yi yawa."

Hawaye suka zubo mini, ni da gemuna. Na roƙe shi ya ba ni wuƙar, na ce zan ajiye ta a kan duk wuƙaƙena. Ya girgiza kai. Ya ce ba ya so a ajiye ta don tausayi, ya riga ya ba iyalinsa. "Tana feraye doya da ita. Ta ce ba laifi."

Daga cikin gida ina jiyo ana aikin abincin rana, ban iya ɗaga kai ba.

Bai sake komawa maƙera ba, bai sake zama a bencinmu ba. Kafin shekara ta zagayo babbar 'yarsa ta zo ta tafi da su Arewa. Ni na ɗauki jakarsa har tashar Ojoo, ya yi mini addu'a mai tsawo ta tagar mota, bai ambaci wuƙa ba. Can Allah ya yi masa rasuwa. Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa.

Majalisa kuwa da labarin ya fito kowa ya yi ta sunkuyar da kai, a hankali duk muka koma saye a maƙerar, don dama hannun da muke yabo yana nan bai je ko'ina ba. Yanzu in na je, ciki nake shiga in zauna kusa da wuta mu yi hira. Ya zama aminina, amma maganar nan ba mu sake tayar da ita ba.

Mutane sukan ce mini in daina damun kaina, ai ban sani ba. Gaskiya ne ban sani ba. Amma na yi ta juya abin shekara da shekaru, kuma ba rashin sanin ne ke hana ni sukuni ba. Wuƙa aka ce in duba, ni kuma na tara jama'a na yi wa mai ita dariya, kuma da a ce ta mutumin can ce kamar yadda na zata, da har yau ina ba da labarin ina jin daɗi. Sannan ga wadda ta fi ciwo. Da kuskure na yi a dubawar, da na koma na ce Baba idona ne ya yaudare ni, ya tashi ya koma bakin wuta. Ba ni da wannan da zan ba shi. Wuƙar a karkace take, kuma ya san na gani.