Hantar da Aka Gasa Don Girmamawa

Ci gaban kimiyya a ƙasar Zamfara, a ganina, ya taɓa rataya a kan ɗanyar hanta guda ɗaya, wata safiya a Tsafe, shekarar da na fara koyarwa.

Makarantarmu na da ɗakin da aka gina don gwaje-gwaje, amma hedimasta ya cika shi da masararsa. Na yi ta naci har ya gaji.

"Malam, nuna mini abin da allo ba zai iya ba," in ji shi. "In na gani da idona, ɗaki naka ne."

Da ɗokina na tafi Gusau na sayo haidurojin a kemis, ruwan nan da ake zuba wa rauni ya yi kumfa. A kwalba mai duhu yake zuwa, domin haske na kashe masa ƙarfi har ya koma ruwa zalla. In ya haɗu da ɗanyar hanta kuwa, sai ya tafasa ba wuta, ya saki iskar da muke shaƙa, wadda ke rura wuta. Na yi wa wani mahauci, uban ɗalibata, maganar hanta tun da yamma. Da safe ya miƙo mini ƙunshi da ɗuminsa, na ce a raina yanzu aka yanka.

Aji ya cika har tagogi, hedimasta na kan kujera a gaba. Na fara da gargaɗi: ba a sha, ba a bari ya taɓa ido, kuma yawan zuba shi a rauni na cinye naman da ke tohowa. Sannan na kwance ƙunshin. Ƙamshi ya tashi. Hanta ce gasasshiya, da yaji da albasa. Bawan Allah ya ga bai dace malamin 'yarsa ya ratsa gari da ɗanyen nama ba. Wuta kuma ta riga ta kashe sinadarin cikin hantar da ke sa ruwan tafasa. Na jefa yanki ɗaya a ruwan, ya kwanta shiru.

"To, ita wannan kimiyyar da hannu ake ci?" in ji hedimasta, yana jawo ƙunshin gabansa.

Na fita da gudu zuwa gindin dalbejiya, inda mai abincin makaranta ke yanka naman miya.

"Inna, ɗanyar hanta, ko yanki ɗaya."

"Malam, yunwar ta kai haka? Bari in soya maka."

"Don Allah, Inna, kar ki girmama ni."

Ta ba ni tana girgiza kai. Na koma aji, ina jefawa, farar kumfa ta taso ta cika kwalbar gwaji, ta malalo kan tebur. 'Yan gaba suka ja da baya, 'yan baya suka hau benci. Na kunna tsinke na hure shi, saura jan garwashi, na kai shi bakin kwalbar, sai wuta ta sake kamawa da kanta. Aji ya kaure da salati. Na maimaita, na sake maimaitawa, har hedimasta ya manta da lomar da ke hannunsa.

Ya miƙe, ya goge yatsunsa, ya ciro mabuɗin ɗakin daga aljihu ya danƙa mini a gaban kowa, ya ce alkawari ya cika.

Masarar dai bai kwashe ba.