Faifan ihun Malam

Shekara ashirin da shida muna zaune a garin Lanham na Amurka ni da mijina Malam, kuma a duk kayan gidan nan babu abin da na tsana kamar wani faifan bidiyo nasa. Ofera ce ta Italiya, wato wasan kwaikwayon da ba a magana a cikinsa sai waƙa. Ko ruwa mutum zai roƙa, sai ya buɗe maƙogwaro ya rera. A kan dandamali aka yi wasan, aka ɗauka da kyamara. Malam ya koyo son abin tun yana ɗalibi, lokacin da yake aikin nuna wa 'yan kallo kujerunsu a wani gidan wasa cikin Washington. Mutum da hankalinsa, malamin injiniya a jami'a, mai jan mu salla a gida, amma ranar Asabar da an idar da la'asar sai ya zauna gaban masu kururuwa. Ni faifan ihu nake kiransa. Shi kuwa sai ya yi dariya ya ce, "Hajiya, kunnenki ne bai waye ba tukuna."

Ba zan yi wa faifan sharri ba, yana da abin yabo. Labarin matar wani matuƙin jirgin ruwa ne, wadda ta shiga tsakanin mijinta da yayanta suna faɗa, takobi ya same ta. Matar da ta fito a wannan matsayi tana da murya. In ta yi ƙasa da ita, ko ina kicin ina yanka albasa sai na ji hannuna ya tsaya. Hasken da suka yi na fitowar rana a bakin teku ma ya yi kyau.

Amma mai kyamarar ba shi da ta ido. Abin da aka shirya don a hango daga nesa, shi sai ya kai mu har cikin bakin mutane. Ka ga dasashi, ka ga gumi yana wanke hoda, ka ga inda aka manna wa mijin gemu yana ɗagowa ta gefe. Fassarar Turancin da ke ƙasa kuma da farin rubutu suka yi ta, matar ga ta da farar riga, saboda haka daidai inda kake son sanin abin da take cewa, nan rubutun yake ɓacewa. Babban abin haushina shi ne mutuwarta. An soke ta, ta faɗi, amma ta kusa sulusin awa tana waƙa. Ta yafe wa miji, ta yafe wa yaya, ta yi sallama da teku. Da ta mutu kuma kyamara ta tsaya a kan cikinta, yana hawa yana sauka. Na ce, "Malam, gawarku fa tana haki."

Da bakina na faɗi haka, ina dariya.

Wata Talata da safe yana ɗaura igiyar takalmi zai tafi aiki jami'arsu a College Park, sai ya zame gefe. Shanyewar ɓarin jiki. Hannun dama ya tafi, ƙafa ta tafi, magana ta tafi gaba ɗaya. Yana jin duk abin da aka ce, idonsa yana amsawa, amma ko sunana ya ƙi fitowa. Mutumin da yake da Hausa da Turanci da Larabcin karatu, sai buɗe baki da iska. Bayan wata biyu likitoci suka gaya mini zuciyarsa ma ta yi rauni ƙwarai, in shirya.

Kowa da abin da ya tsaya masa a rai. 'Yarmu, wadda aka haifa a nan, damuwarta ko yana jin zafi. Ni tawa ɗaya ce: kada Malam ya cika bai yi kalmar shahada ba. Duk addu'ar da yake rufe salla da ita ke nan tun da na san shi, Allah ya sa ya cika da ita a bakinsa. Na san ba a kama bawa da abin da ya fi ƙarfinsa. Na sani sarai. Sanin bai hana ni jin kamar an ɗora mini turmi a ƙirji ba.

Akwai wata baturiya mai koya wa masu irin ciwonsa magana, tana zuwa gida sau biyu a mako. Ita ta ce mini wani lokaci wanda magana ta ƙwace masa yakan iya waƙa, domin hanyarsu a ƙwaƙwalwa ba ɗaya ba ce. Ta ce in nemo karin da ya fi sabawa da shi, in ɗora kalmomi a kai. Na gwada karin karatunsa. Na gwada yadda muke jan hailala a gida. Sai hawaye kawai, leɓe bai motsa ba.

Ranar wata Asabar 'yarmu ta sa masa faifan, don kawai ya rage zaman shiru. Ina ninke wanki, aka zo wurin mutuwar nan. Sai na ji wani gunji a bayana. Malam ne, yana bin matar da maƙogwaro, daidai hawa daidai sauka, bai kuskure ko gaɓa ɗaya ba.

Ban tambayi liman ba, don ina tsoron ya ce a'a. Na rufe ƙofa, na koyi waƙar da na yi shekaru ina zagi. In kunna, in mayar baya, in sake, har na san inda gemun mijin yake ɗagowa da inda wani ɗan kallo yake tari. Sannan na cire Italiyancin, na ɗora kalmar shahada a kan karin. Allah ya yafe mini in laifi ne. Da babu gara ba daɗi. Kullum bayan azahar sai in zauna a gefen gadonsa in riƙe hannun hagun in rera, da wannan murya tawa irin ta mai tallan manja. Yana bin karin da gunji, kalmomin kuwa ko alama. Mako shida muna haka.

Ranar da zai cika, da hantsi numfashinsa ya canza. Nas ɗin da ke duba shi ta kalle ni, na gane. Na sunkuya a kunnensa na laƙƙana masa kalmar yadda ake yi, a fili, ba waƙa. Shiru. Na sake. Shiru. Sai na ajiye kunya, a gaban nas, a gaban 'yata, na ja karin matar nan. Idonsa ya dawo kaina. Harshensa ya ɗaga ya taɓa ganɗa, abin da ban gani ba tun ranar Talatar nan.

Ya ce, "La."

Na ce, "Ilaha, Malam. Ci gaba. Ilaha."

Ya sake cewa, "La," a kan karin, muryar tana hawa inda ta matar take hawa. Ya ja numfashi kamar zai ƙara. Bai ƙara ba.

Bayan sadakar uku na koma wa faifan, ni kaɗai. So nake in ji ko matar tana cewa "la" a daidai wurin. In ba ta cewa, to tawa ya bi. Tana cewa. Sau biyu, kamar yadda ya yi. Na matsa har hancina ya kusa taɓa talabijin don in karanta ma'anarsa, farin rubutu ya narke cikin farar riga. Sannan aka yi tafi, matar ta miƙe tsaye, ta gyara gashinta, aka miƙo mata furanni tana murmushi. Sulusin awa aka ba ta, ta faɗi duk abin da ke ranta, kuma ta tashi. Wallahi ban taɓa jin ƙyashin wani mahaluki kamar yadda na ji nata ba.

Liman ya ce niyya ake dubawa, kuma Allah ya san abin da ke zuciyar bawansa. Na yarda. Amma ni da hannuna na cuɗa abu biyun nan wuri guda, har na kasa rarrabe wanne ya ɗauka ya tafi da shi. Wannan ba ya wucewa. Ina salla yana faɗo mini, ina tuƙi yana faɗo mini.

Yayarsa, wadda ta goya shi yana jariri, ta kira daga Kano. Ta tsufa, sai an ɗaga murya take ji. Muka gaisa, ta yi mini ya haƙuri, ta yi masa addu'a. Sannan ta yi tambayar da na san za ta yi.

"Amarya," haka take kirana har yau, "ke ce a kansa. Ya samu kalma?"



Na ce, "Yaya, ya fara."