Mutum Na Uku A Shagon Kawu

Wallahi jama'a wannan abu da kaina ya faru, shekarar da nake ajin ƙarshe a jami'a, ina karanta tsaron intanet da fannin koya wa kwamfuta gane abin da kyamara ta hango. Aikina na kammalawa wata manhaja ce mai ƙirga mutane, duk wanda ta gani sai ta zagaye shi da koren layi. Wata huɗu tana ba ni wahala, in ta ƙi sai na maimaita shekara, shi ya sa da aka yi hutu na kwaso ta zuwa gida Ƙaura, na kafa kyamara a shagon hatsin kawuna da ke kasuwa don in gwada.

Kai, ranar na ji daɗi! Masu awon gero na shiga tana kama su, 'yan dako na fita tana rage su, ko kuskure ɗaya babu, har na kira abokaina ina ihu a waya.

Bayan azahar shago ya rage daga ni sai Kawu a kan tabarma, amma kwamfuta ta nuna uku. Na duba allon kwamfutar, ga koren layi a bakin ƙofa, tsayin babban mutum, cikinsa ba kowa. Na ce to, wani ɗan ajinmu ne ya yi min kutse yana tsokanata. Na katse intanet, na bincike ko'ina yadda aka koya mana, ban ga sawun kowa ba. Ina kallo layin nan ya taho a hankali, ya kauce wa buhun dawa, ya rage tsawo dab da Kawu kamar mutum ya zauna.

Da na faɗa masa, Kawu bai ko razana ba. Ya ce, "Wane gefe ya zamna?" Na ce dama da shi. Sai kawai ya muskuta ya bar wuri a tabarmar, ya ce, "Kashe abin ga, ɗana, ba a ƙura ma baƙo ido."

Ni da zumuɗi ban kashe ba. Layin ya miƙe, ya nufo kyamara, yana girma yana girma har ya cika allon. Innalillahi! Na ji ƙamshin turare da wani sanyi a kumatuna, kamar an sunkuyo ana leƙa abin da nake yi. Ban san lokacin da na kife kwamfutar ba.

Na ci jarrabawa, malamina ya kalli bidiyon da kyamarar ta ɗauka sau uku ya ce in yanke wurin da layin ya fito. Kawu kuwa har ya rasu bai yarda mun sake maganar ba. Ku masu saka kyamara a gidaje da shaguna, ku riƙa yin bisimilla tukuna, in babba ya ce ku kashe, ku kashe.