Garmahon da Ya Cinye Sunan Baba

Har yau idan na wuce rumfar mai gyaran rediyon nan ta bayan tashar mota, sai in kau da kai. Ba shi kaɗai nake ƙyama ba, har da ni kaina.

Babanmu direban motar doya ne, a Agyaragu yake lodi ya nausa arewa. A zamaninsa wani makaɗin direbobi ya ambaci sunansa a waƙa, baiti guda tak, aka buga a faifai. Garmahon Baba ya riga shi mutuwa, faifan kuma mahaifiyarmu, Inna, ta naɗe shi cikin zane a ƙasan akwati. Bara, da jiki ya soma ƙi mata, ta kira ni ta ce, "Kafin in bi shi, ina so in ƙara jin an kira sunan nan."

Ina da amfilifaya da sifika biyu a ɗakina a Bukan Sidi, garmaho kawai ya rage. Wani abokin aikina da ya san harkar ya ce in duba abu biyu: allura ta zama sabuwa, hannun da ke riƙe da ita kuma kada ya yi nauyi ya danne faifai. Na ga sabo a wani kanti, na ji kuɗinsa, na ajiye musu kayansu. Sai aka yi mini kwatancen mai gyara, wai yana da na gwanjo mai sauƙi. Don wauta na tafi da faifan Inna, in yi gwaji da shi.

Na same shi yana cin rogo da manja. Ya jawo garmahon daga ƙarƙashin benci, yana ɗaga murfin sai ga kyankyaso ya fito a guje. Ya murtsuke shi da babban yatsa, ya shafa a wando, da wannan hannun kuma ya karɓi faifan. Ya tofa masa miyau, ya goge da bakin riga. Tir! Amma araha ta rufe mini baki.

Ya kunna, allura ta dinga tsalle.

"Oga, ƙaramin abu ne," in ji shi. Ya ɗauko notin babur ya ɗaure a kan hannun da roba. Tsallen ya tsaya. Na tuna gargaɗin abokina, na buɗe baki zan hana, sai ga makaɗin ya rangaɗa sunan Baba, tar da shi. Nan take na manta da gargaɗin.

"Babana ne wannan!" na faɗa da ƙarfi.

Shi ke nan. 'Yan acaba suka taru, mai faci ya bar tayarsa, wani tsoho ya rantse ya taɓa yi wa Baba lodi. "A sake sawa!" Mai gyara ya ɗaga allura ya dangwara daidai wurin. Aka ji, aka yi shewa, aka ce a sake. Ni kuwa ina tsaye ina washe baki, sai ka ce ni aka yi wa waƙar. Na ga wani baƙin gari yana taruwa a bakin allurar, mai gyara ya hure ya ce ƙura ce. Ƙarya yake, naman faifan ne allurar take kankarewa, kuma da idona na gani na ƙyale. Na biya, na ɗauko kayana.

Da na iso gida Inna ta yi wanka, ta ɗaura zanen sallarta, ta zauna a gaban sifika. Kiɗa ya tashi lafiya. Sunayen sauran direbobi suka yi ta fitowa ɗaya bayan ɗaya, tana gyaɗa kai don ta san wasunsu. Ana isowa baitin Baba sai sautin ya koma shuuu, kamar an jefa ƙosai a mai, sannan waƙa ta ci gaba da sunan wani. Na cire notin na sake, allura ta tsallake wurin gaba ɗaya. Na mayar, shuuu.

Inna ta juyo ta dube ni.

"Kai ka ji shi a can wurin mai gyaran?"

"Na ji, Inna."

"Ya fita sosai?"

"Ya fita."

"Da kai da wa?"

Na lissafa mata, kaina a ƙasa.

"Har mai faci ya ji," ta ce. Ta dafa bango ta miƙe. "To, kashe."