Waya ta Uku ta Malam Ɗantani

Zuwa ga Malam Salihu, ƙanin marigayi, a Dukawuya. Gaisuwa mai yawan yashin Jakara da girmamawa wadda ba ta tsufa, daga Nata'ala maɗinki na Kabara. Ka gafarce ni da na kutso muku da takarda a tsakiyar zaman makoki. Kurkunu ya ɗaure mini ƙafa wata biyu ke nan, shi ya sa alƙalami ya zo a madadina.

Ranar Talata, sha biyu ga Safar na 1376, bayan azahar, aka zo mini da labarin cewa Malam Ɗantani mai sa wutar lantarki ya amsa kiran Ubangijinsa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ya Ɗantani, shekara huɗu ke nan da ka jawo wuta zaurena domin dutsen guga. Ka kafa akwatin ƙarfe a bango, ka ɗaura soket, wato wurin soka wayar dutsen gugar, a kan murfinsa. Da ka haɗa wayoyi biyu na wuta na zaci an gama, sai na ga ka fito da waya ta uku, ta jan ƙarfe, ka ɗaure ta a soket, ka kama murfin da akwatin da ita, ka huda katanga ka kai ta ga wani ƙarfe da ka binne a gindin gini.

Na ce, "Malam, wannan kuma wace fitila za ta kunna?"

Ka ce, "Ko ɗaya, Malam Nata'ala. Ƙusoshi biyu ne kaɗai ke riƙe da murfin, kuma tsatsa za ta ci su. Ran da wuta ta ɓace hanya ta hau ƙarfen nan, gara ta bi wayar ta shige ƙasa da ta bi hannun mutum."

Maƙwabta da suka ga kana tona gindin bango suka ce asiri kake binnewa. Ni kuwa, mai son baiti fiye da son gaskiya, na yi maka wannan:

Ɗantani boka mai tonon gina,
Layar jan ƙarfe ya binne mana.

Mata suka ɗauka suna daka da shi. Gidaje uku na sani da suka fasa kiran ka. Ka ji, amma ba ka daina gaishe ni a masallaci ba.

Da daminar bara bango ya jiƙe sharkaf. 'Yata Indo ta shigo daga wanke-wanke, ba takalmi, ta dafa murfin nan za ta zare waya. Sai ƙara, tas! Wuta ta ɗauke, hayaƙi ya tashi, ita kuwa ko ƙwarzane. Da ka zo ka buɗe, ka nuna mini wayar wuta ta goge tana taɓa murfin, ƙusoshin sun zama garin tsatsa. Ka gyara, ka ce, "Allah ya kiyaye," ka ɗauki jakarka. Ba ka ambaci waƙar ba. Kunya ta hana ni neman gafararka, kullum ina cewa sai Juma'a mai zuwa.

Ga baitin da na tsara tun ran nan, na kasa karanta maka:

Ka binne ƙarfe ka raya mini ɗiya,
Na binne sunanka da harshen ƙarya.

Allah ya jiƙan ka, ya haskaka kabarinka, ya sa ƙasar da ka amince mata ta yi maka sauƙi. Allah ya ba matarka Malama Uwani da 'ya'yanta haƙuri, ya raya abin da ka bari.

Malam Salihu, an ce kai ne a kansa har ya cika. Ina roƙon ka don Allah, ka rubuto mini kafin sadakar bakwai: ya ambaci yafiya ga waɗanda suka cuce shi? In bai samu faɗa ba, ku magada ku ba ni izini a ɗauko ni a kan jaki, in karanta baiti na biyu a gaban mutanen da suka ji na farko.