Wawan da Aka Bari a Bayan Labule

Humphrey Sallow bai taɓa haddace takardar maganganunsa na wasa ba, kuma bai taɓa ɓoyewa ba. Shekara goma sha tara yana fitowa a wawan sarki a gidan wasan kwaikwayon tsallaken kogi, a Landan, kullum takardar tana cuse cikin hularsa mai ƙararrawa tana shan gumi.

A zamanin nan ba a ba ɗan wasa labari duka. Maganarsa kaɗai ake rubuta masa, da kalmomi uku na ƙarshen maganar wanda zai riga shi. In bai ji ukun nan ba, ba shi da ta cewa. To Humphrey ba ya faɗinsu. Sai ya juya wajen 'yan kallo masu biyan kwabo ɗaya da ke tsaye a ƙasa, ya kwaikwayi tafiyar wani mahauci, ya tambayi wata mai ciki ko mijinta ya sani. Su yi ta kyakyata dariya, abokin wasansa yana tsaye baki buɗe.

Gervase Thorne, mai fitowa a sarki, shi ya fi shan wannan wulaƙanci. Rannan ya tare shi a ɗakin kaya.

"Kalma uku, Humphrey. Uku! Ko kare aka koya wa zai riƙe."

"To ɗauko karen mana, ranka ya daɗe. Shi ma ba zai tsaya kallon mutuwarka ba. Jiya ka yi rabin awa kana mutuwa, har mai giya ya ƙarar da gangarsa."

"Wawan da aka rubuta, gaskiya yake gaya wa sarki. Kai fa?"

"Ni ake biya a gani, tsoho."

Da gaske ya yarda da haka. Yana ganin hular nan ba mai raba shi da ita, shi ya sa ko gwajin wasa ba ya zuwa.

Ranar sabon wasa, ƙarfe biyu na rana, gida ya cika. Humphrey ya laɓe bayan labule yana jiran sarki ya ce "Ina wawana yake?", don iyakar abin da ya duba a takardar ke nan. Gervase ya zo wurin ya tsallake. 'Yan wasa duk sun ƙulla haka a gwaji. Shi kuwa tunda bai san labarin ba, bai san an wuce shi ba. Ya gyara hula, ya sake kafa kunne. Yana nan tsaye har ya ji sarki ya faɗi, aka ɗauki tafi.

Ko mutum ɗaya bai tambayi wawa ba. Wannan ya fi ƙona masa rai.

Washegari aka ba wani masaƙi hular, mai iya karatu da waƙa. Aka ce Humphrey ya zauna yana share dandamali, ya tofa yawu ya fita. Ba wanda ya bi shi, don bai bar aboki ba.

Ya ƙare rayuwarsa yana sayar da tuffa a ƙofar gidan, mafi yawa ruɓaɓɓu. Duk wanda ya saya sai ya riƙe masa hannun riga.

"Kada ka cinye, ɗan'uwa. Ka rage rabi. In sarki ya fara mutuwa, don Allah ka auna hancinsa ka jefa."